Tabon Farar Filasta

Daga sansani, ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da maman yara da 'yata Ƙarama. Ina fatan gashin unguwa bai daina tsiro ba, aski yana tafiya.

Kada ka yi dariya da ka ga wasiƙa. Koci ya karɓe wayoyinmu tun a bakin ƙofa, ya ce sai ranar da ya zaɓi 'yan huɗun da za su je babbar gasa. Direban da ke kawo mana kayan abinci ne zai riƙa kai maka. Ka ba shi amsa kafin ya juyo, kuma don Allah kada ka tsare bawan Allah da surutu.

Sanyin nan ba irin wanda ka sani ba ne. Da safe ciyawar fili fara fat take, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ɗakinmu gadajen ƙarfe ne da hitar ɗumama ɗaki ɗaya wadda sai an mare ta take aiki, safa kuwa ba ta bushewa. Mu shida ne, huɗu za a ɗauka. Tare muke cin abinci, muna ara wa juna man zafi, amma kowa ƙafar 'yar'uwarta take kallo.

Da safe hawan tudu, sai jan taya da igiya a ƙugu, sai ɗaga ƙarfe har hannu ya kasa riƙe kofin shayi. Da yamma atisayen tseren miƙa sanda. In muka yi ƙorafi Koci ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai sha wuya da sanyi ba zai sha kunya da bazara.

Har yanzu ni ce ta uku, mai gudun lanƙwasa, kuma Auta ce ke karɓa a hannuna ta ƙarasa. Ka tuna ta, yarinyar nan da na zo da ita shagonka ta kasa ɗaga ido ta gaishe ka. Tunda kullum kana cewa ba ka gane abin da muke yi, ga shi. Mai karɓa tana auna tazara da tafin ƙafarta, ta manna farar filasta a kan layi. Da na taka filastar sai ta tashi da gudu, ba waiwaye. Aikina in kamo ta kafin ta wuce iyaka, in ce "Hannu", ta miƙo hannu ta baya in sa mata sanda. In ban kamo ta ba, mu huɗun duka an fitar da mu.

Yaya, wannan ne zuwana na ƙarshe. Na haura talatin, ban taɓa taka filin babbar gasa ba, wancan karon ma jijiyar cinya ce ta hana ni. Na bar yarinya tana kuka a tasha, na ce mata za ta gan ni a talabijin. In na dawo hannu rabbana ban san me zan ce mata ba.

Ƙafa da sauƙi. Ka gaishe da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarka.

*

Daga shago

Kunkuru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai gwiwar Inna da ta fi kowa sanin an shiga sanyi. Tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe kunne.

Direbanku mutumin kirki ne, na yi masa gyaran fuska kyauta, shi ya sa ya makara. Laifin gemunsa ne, ba bakina ba.

Wato hitar ma sai an mare ta. Kun dace da juna, don ke ma tun kina ƙarama sai Inna ta ɗaga murya kike tashi aike. Har yau mamaki nake yadda aka yi wadda na sa wa Kunkuru ta zama 'yar tsere.

'Yarki ta ishe ni. Na karanta mata bayaninki na sanda, shi ke nan na jawo wa kaina. Ta ƙwace babban matajina, ta miƙa min, ta je ƙofar shago ta juya baya, ta miƙo hannu ta baya. Wai sai na ce "Hannu". Ina tsakiyar kan mutum za ta ce, "Kawu, ina jira." Jiya wani dattijo ya tashi da rabin aski ya miƙa mata. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ban san me aka ce game da kunkuru ba.

Na sanar da duk mai zama a kujerata cewa ƙanwata za ta je babbar gasa. Har na sa an gyara talabijin ɗin shago.

Abu ɗaya. Kin ba sanyi rabin shafi, kin ba ƙafarki kalma uku. Na san ki. Ki gaya min gaskiya.

Allah Ya ba da sa'a. Ki gaishe da Auta, ki ce mata ba na cizo.

Yayanki na kanki, mai aski.

*

Daga sansani, ranar Juma'a

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, gajiya ce. Ka ce wa Ƙarama ta riƙa buɗe tafin hannu sosai, babban yatsa ƙasa.

Ƙafa tana ja da safe, in jiki ya yi ɗumi ta saki. Ga gaskiyar da ka nema. In aka jera mu gudun kai da kai, yaran nan suna barina a baya, ba na musu. Amma in aka zo miƙa sanda, wallahi ka ce da igiya aka ɗaure ni da Auta. Ban taɓa kamo ta cikin sauƙi irin na bana ba. Koci da ba ya yabon kowa ya ce da tsohuwar zuma ake magani, lanƙwasa ba ta masu ƙafa kaɗai ba ce, ta masu hannu ce. Ranar ko sanyi ban ji ba.

Sai dai ba zan iya kai wa Auta gaisuwarka ba. Jiya aka sallame ta.

Tun makonnin baya agogon Koci ke nuna gudunta na raguwa. Yana tsaye can ƙarshen fili, in ta iso sai ya dubi agogo ya girgiza kai. Ya ce tana tashi kamar wadda aka tasa daga barci. Ya ƙara mata jan taya, ya ƙara mata tudu, abin bai canza ba. Ni ma na sa baki, a gaban kowa a ɗakin cin abinci. Na ce, "Ke Auta, yarinya ɗanya shakaf kina tashi kamar Innarmu? In barci kika zo yi ki ba wasu wuri." Aka yi dariya. Ta ce, "To, Anti," ta ci gaba da juya shayinta.

Da za ta tafi ta ninke bargonta, ta ajiye min man zafinta da sauran naɗin filastarta a kan gado. Ta durƙusa ta ce in yafe mata. Na rungume ta, na ce shekara mai zuwa tata ce.

Abin da ke damuna, Yaya, da motar ta fita ƙofa wani sanyi na ji a raina. Na ce saura mu biyar, mutum ɗaya kawai za a ƙara cirewa. Yarinyar da ke wanke min safa ce ta tafi, ni kuma abin da na fara ji ke nan. Na ji kunyar kaina.

Gobe zan fara da Doguwa, ita aka ba wurin Auta.

A gaishe da mutan gida.

Ƙanwarka.

*

Daga sansani, ranar Litinin

Yaya,

Sallama. Ban jira amsarka ba, don in ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai fashe.

Koci ya ba Doguwa awon da Auta ta fara da shi ranar da muka zo. Ta auna, ta manna filasta. Na fito lanƙwasa da duk ƙarfina, na taka, ta tashi. Yaya, sai na ga bayanta yana nisa. Na ce "Hannu", ta miƙo, amma tsakanina da hannun nan akwai fili. Ta wuce iyaka, ni ina bin ta da sanda a sama kamar mai tsayar da mota. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka.

Ka san bakina. Na ce satar tashi take yi, doguwar banza da ba ta iya jira ba. Ta fashe da kuka. Koci ya ce rashin sabo ne, mu ba abin lokaci.

Da aka tafi shan shayi na tsaya, don in auna da kaina in kama ta da hujja. Na durƙusa a layinmu. Ka san in aka ɓare filasta tana barin danƙo, datti ya manne, ya zama ɗan tabo. To ba tabo ɗaya na gani ba. Jere suke. Na farko daidai inda Doguwa ta manna tata, ya kusa gogewa. Na gabansa ya ɗan matso wajen da Auta ke tsayawa. Na gaba ya ƙara matsowa. Haka suka tafi, kaɗan kaɗan, har na ƙarshe wanda danƙonsa bai ma bushe ba.

Doguwa ba ta saci komai ba. Auta ce ta yi ta matso da alamar kusa da ita duk sanyin nan, don ta makara wajen tashi in samu in kamo ta. Wadda ta makara kuwa ba ta gama ɗaukar gudu ba sanda za ta same ta, shi ne abin da agogon Koci ke gani. Ba ita ke raguwa ba, ni ce. Zumar da ake yabo babu ita, yarinya ce ke tsayawa jirana, ni kuma na tashi a gaban mutane na ce mata mai barci.

Na zauna a kan layin nan har sanyi ya ratsa wandona. Ban yi kuka ba, abin ya wuce nan.

Ba wanda ya sani. Koci daga ƙarshen fili yake kallo, ba ya duba ƙasa, ya bar wa kowane biyu alamarsu. In na yi shiru zai ci gaba da cewa rashin sabo ne, wataƙila har ya sa Doguwa ta rage tazara, in shiga cikin huɗun. In na yi magana na gama. Na ba direba wasiƙa ya kai wa Auta.

Me zan yi, Yaya? Kada ka yi min wasa a wannan.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Antina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Koci da sauran 'yan'uwa. Na samu saƙonki, na gode da kika tuna da ni.

Anti, abin da kika gani haka ne. Ban zaci tabon zai zauna ba.

Kin tambaye ni dalili. Ba na waiwaye, amma ina jin ki. Shekara uku ina karɓa a hannunki, na san ƙarar takalminki da yadda numfashinki yake in kin fito lanƙwasa. A makon farko na ji kin yi nisa, na ji muryarki ta fito da ƙyar. Washegari na matsar da faɗin yatsu biyu kawai, na ce kafin ƙafarki ta warware. Sai ya zama kowane mako ina cewa wannan ne na ƙarshe.

Lokacin da na zo tawaga da takalmin aro, ke kika ba ni naki, kika kuma je har gida kika roƙi Baffana ya bar ni in yi gudu. Ban iya tunanin in tashi in bar ki a baya da sanda a hannu, mutane suna kallo.

Maganar ɗakin cin abinci kada ta dame ki. Ba ki sani ba.

Roƙona ɗaya ne. Don girman Allah kada ki gaya wa Koci. Ni ina da wasu shekarun, ke kin ce wannan ne na ƙarshe. In kika faɗa, tafiyata ta zama ta banza. Ki ja Doguwa gefe ki ce ta matsar kaɗan, tana da kirki, za ta yi.

Yanzu ina taya Baffa zama a kantin magani. Ya ce tunda an gwada an gani, maganar gudu ta ƙare, amma na san zai huce in ya gan ki a talabijin, don yana ganin girmanki. Da asuba ina ɗan zagaya filin makaranta kafin ya tashi.

Ki shafa man nan kafin ki kwanta, ba bayan kin tashi ba. Ki huta lafiya.

Taki mai biyayya,
Auta.

*

Daga shago

Kunkuru,

Sallama. Wasiƙunki biyu tare suka iso. Na karanta ta farko ina murna, na buɗe ta biyu na rufe shago.

Kin ce kada in yi wasa, to ba zan yi ba. Son raina ki yi shiru. Ni na ga yadda kika koyi tafiya da sanda bayan wancan ciwon, ni na riƙa goya ki zuwa bayi. Wata zuciyar tana ce min yarinyar nan ita ta zaɓa, ba wanda ya sa ta, ki karɓi kyautarki ki tafi. Har na rubuta miki haka, na yaga.

Abin da ya sa na yaga, na tuna kin ce in ba ki kamo ba ku huɗun duka ake fitarwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san gudu ba, amma ban ga yadda za a yi ta matso da filasta har ranar gasa ba, sauran ƙasashe kuma su tsaya jiranku.

Ban gaya wa Inna duka ba. Na ce ƙafa ce. Ta ce ki dawo da ƙafarki ko da ba ki dawo da komai ba.

Ba ni da dabarar da zan ba ki. Duk wanda kika zaɓa, ni yayanki ne.

Ƙarama tana gaishe ki. Ta karya min mataji ɗaya.

Yayanki.

*

Daga sansani, ranar Lahadi

Yaya,

Sallama, da fatan kuna lafiya. Wayata tana hannuna, Koci ya ba ni ɗazu. Na kasa kiranka, don in na ji muryarka ba zan iya magana ba.

Ban faɗa nan da nan ba, kada ka ɗauke ni waliyyiya. Na yi mako guda ina gwadawa. Na shiga ruwan ƙanƙara har haƙorana suka riƙa haɗuwa, na ƙara tudu, na sha maganin ciwo kamar alewa. Na ce in na kamo Doguwa ko sau ɗaya a kan alamar gaskiya, zan yi shiru. Ban kamo ta ba. Ranar Alhamis har na ja ta bayan ɗakin ƙarfe don in ce ta matsar. Ta tsaya tana kallona, idonta duk tsoro, tana jiran wani zagin. Sai na ce ta yafe min na ranar nan, na wuce.

Jiya na kai Koci layinmu na nuna masa. Ya tsuguna, ya bi tabon da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na gaya masa. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Na yi shekaru a aikin nan, ina kallon agogo, abin yana ƙarƙashin ƙafata." Sannan ya ce in haɗa kayana, kuma ya faɗa a hankali, ba da faɗa ba.

Na ce na ji, dama na sani, sai a kira Auta ta dawo wurinta.

Ya ce a'a.

Na ce Koci, ita ce ta fi kowa gudu a nan, kai ma ka sani. Ya ce ya sani. Ya ce amma mai karɓar sanda dole ta tashi in an taka alama, ko uwarta ce ke tahowa da rarrafe. Wadda ta ɓoye masa abu duk tsawon sanyi, ta bar shi yana hora ta a kan laifin da ba nata ba, ba zai iya ɗora mata gudun mutum uku ba. Na durƙusa masa a kan layin nan, Yaya, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai Inna. Na ce laifina ne. Ya ce, "Tashi, sanyi zai kama miki ƙafa." Ya tafi.

Da wayar ta zo hannuna Auta na fara kira. Na gaya mata. Ina jin Baffanta yana yi wa wani bayanin magani a kantinsa. Sai ta ce, "Anti, ai na roƙe ki." Ta kashe. Na sake kira ba ta ɗauka ba.

Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Na ɗauka in na ba da wurina zan maido mata nata. Yanzu ba ni, ba ita, kuma Baffanta ba zai ga kowa a talabijin ba. Ban san ko daidai na yi ba. Wallahi ban sani ba.

'Yan huɗun suna fili yanzu, ina jin Doguwa tana dariya. Sandarsu tana tafiya lafiya. Na bar musu man zafi, naɗin filastar kuwa na sa a jaka, ban san me zan yi da shi ba.

Zan biyo direba ranar Laraba, ya sauke ni a tasha. Ka gaya wa masu zama a kujerarka duk abin da ka ga dama. Ƙarama ce ban san ta inda zan fara ba.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na ba direba wannan ya miƙa miki kafin ki hau mota.

Ba zan buɗe shago ranar Laraba ba, ina tasha tun safe. Ki sa rigar sanyi biyu. Na kira kantin maganin, Baffan ya ce Auta ba ta son magana, kuma ta daina fita da asuba.

Na gaya wa Ƙarama kina tafe, ban ƙara komai ba. Ta tambaya ko da gudu za ki zo, na ce a'a, ƙafarki na ciwo, a hankali za ki taho. Ta yi tunani, ta ce ba komai, za ta tsaya a ƙofa da hannunta a baya, ba za ta tashi ba sai kin iso.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Yayanki.